Yadda ake tsara maganar gado tun da rai, da matakan da iyali za su bi bayan rasuwa

Jama'a assalamu alaikum. Shekara 9 aka kwashe kafin a gama raba gadon baffanmu a nan cikin garin Bauchi, kuma wallahi ba wai dukiyar ce ta yi yawa ba, gida ɗaya ne a cikin gari, shago biyu, fili a hanyar Jos da wata gona ta wajen Alkaleri. A cikin shekarun nan uwargidansa ta rasu, ɗansa na biyu ya rasu ya bar yara ƙanana, gado ya hau kan gado, 'yan ɗaki biyu suka daina gaisawa ko a wajen suna. Da na zauna na duba abin da ya jawo, ko sau ɗaya ba a yi musu a kan kason kowa ba, wannan Allah Ya riga Ya yanke a Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12 da 176. Rigimar duk a kan "wannan filin na Baba ne ko na Yaya ne", "ai Baba ya ba ni shagon tun yana da rai", "ai akwai kuɗina a hannunsa". Abubuwan da takarda ɗaya da shaidu biyu za su kashe su. Shi yasa na ce bari in rubuto yadda ake yi, daga abin da mutum zai yi da kansa har zuwa abin da magada za su bi.

Mataki na farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi raina wa: sayi littafi mai bango mai kauri ka rubuta duk abin da ka mallaka. Gida, fili, gona, shago, mota, keke napep da ka ba yaro yana kawo balas, shanun da ke wajen Bafulatani a ruga da adadinsu da sunan mai kiwon, buhunan da ka ajiye a sito, adashin da kake zubi da ranar kwasarka, kuɗin da ka fara ajiyewa na aikin hajji, hannun jarin da ka saya a banki tun shekarun baya ka manta da shi. Kowane asusun banki ka rubuta sunan bankin da lambar akawun, har da su OPay da Moniepoint na cikin waya, don yanzu akwai masu kuɗi a waya fiye da na aljihu kuma in wayar ta kulle shikenan iyali ba su ma san da su ba. Fin ɗin kati kam kar ka rubuta shi a littafin. Fili kuma kar ka ce "filina na Miri" ka tsaya, faɗi girmansa, wa ke maƙwabtaka da kai gabas da yamma kudu da arewa, wajen wa ka saya, a wace shekara, takardar tana ina.

A wani shafin daban ka rubuta abin da ke hannunka amma ba naka ba. Ajiyar mutane, jarin da ƙanwarka ta zuba a shagonka, gonar da aka ba ka jingina ko aro, filin da matarka ta sayar da zinarenta ta saya amma aka rubuta sunanka don kai ka je wajen ciniki. Wannan na ƙarshen dan Allah maza mu ji tsoron Allah a kai, na ga mata da yawa an raba guminsu a matsayin gado suna ji suna gani saboda kunya ta hana su magana a gaban dangin miji.

Sai bashi, wanda kake bi da wanda ake binka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai akwai yarda. Rubuta har ragowar sadaki in baka cika ba, don bashi ne, da zakkar da ta hau kanka baka fitar ba. Duk bayan sallah babba ka ɗauko littafin ka gyara, abin da ka sayar ka soke ka sa kwanan wata.

Mataki na biyu takardun ƙasa. A dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake da shi haƙƙin zama ne da amfani, filin cikin birni gwamna ke ba da shi, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Takardar cinikin da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu tana da amfani sosai a matsayin shaida, kar ka yar da ita, amma ita kaɗai bata kai satifiket ɗin si-of-o ba, wato takardar shaidar haƙƙin zama a fili da gwamna ke sa wa hannu. Ka je ma'aikatar filaye da safiyo ka buɗe fayil da sunanka, a auna a sa duwatsu, ka riƙa biyan kuɗin ƙasa kana ajiye rasit. In kuma fili mai satifiket ka saya a hannun wani, toh sai an nemi amincewar gwamna an yi rajistar canjin suna, in ba haka ba ran da ka faɗi sunan wancan mutumin ne a fayil, 'ya'yanka su zo suna neman 'ya'yansa su sa musu hannu, wani ma yace sai an ba shi wani abu. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa mutum biyu da ka yarda dasu, asalin kuma a ajiye inda gara da ruwa da gobara ba za su kai ba.

Mai kasuwanci, musamman 'yan'uwa da ke haɗa jari a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti ko kasuwar Azare, ku rubuta kason kowa. In kasuwancin ya girma ku yi masa rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, dokar kamfanoni ta 2020 ta ma yarda mutum ɗaya ya buɗe ƙaramin kamfani. Amfanin shi ne in mutum ya rasu hannun jarinsa ake rabawa, ba sai an fasa shago an raba kaya a watse ba.

Mataki na uku kyauta, a nan nake so in daɗe don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Kana da ikon ka ba wanda kake so abin da kake so cikin dukiyarka matuƙar kana da lafiya da hankali. Amma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta bata cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa abin ya koma hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. Ka ce wa ɗanka "na ba ka shagon nan" amma kai ke karɓar haya har ka mutu, toh shagon ya koma gado. Na baffanmu kenan, shekara uku ana jan wannan maganar kaɗai. In zaka bayar, kira shaidu, a rubuta, ka miƙa makulli da takardu, ɗan haya ya san sabon mai gida, in da hali a canza suna a ma'aikatar filaye. Yaro ƙarami uba na iya riƙe masa a madadinsa in an kafa shaidu, banda gidan da uban ke zaune a ciki, wannan sai ya tashi ya bar shi. Haka wanda yake son ya ba matarsa gidan da suke ciki, zamansa a ciki tare da ita yana hana hauzi ya tabbata, don haka in kana son ka kare ta gara ka ba ta wani gidan ko fili ko shago da za ta riƙe da kanta, ko ka je wajen malamin da ya san fiƙihu da lauya su nuna maka hanyar da zata tsaya a gaban alƙali.

Kyautar da aka yi a kan gadon asibiti cikin ciwon da mutum bai tashi ba, hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma in magaji aka yi wa sai sauran magada sun yarda. Sannan a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Lokacin da mahaifin Nu'umanu bin Bashir ya ware shi da kyauta ya zo neman Annabi (SAW) ya yi shaida, Annabi ƙin yi ya yi, yace a ji tsoron Allah a daidaita tsakanin 'ya'ya. Mai mata biyu uku ya kula da wannan sosai, don kyautar da aka yi wa 'yan ɗakin amarya a ɓoye ita ke raba zumunci har jikoki.

Mataki na huɗu wasiyya. Hadisin Ibnu Umar ya nuna bai kamata Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kai ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce ba, amma a garin nan ka ce wa dattijo ya rubuta wasiyya sai yace kana masa fatan mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya fa. Ƙa'ida biyu ce: kar ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan bashi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, kuma babu wasiyya ga wanda zai ci gado. Toh su wa ake yi wa? Na farko a wajena jikokin da ubansu ya riga ka rasuwa, don in kana da 'ya'ya maza a raye sun kange su, ba za su samu komai ba, ga su marayu. Sai ɗan riƙo da agola da ya taso a gabanka, yaron shagon da ya yi maka shekara ashirin, masallaci, islamiyya, rijiyar burtsatse. Mu nan da muke da dangi gauraye ta wajen Tafawa Balewa, Bogoro da Dass, wanda iyayensa ko 'yan'uwansa ba Musulmi ba ne babu gado tsakaninsu, amma wasiyya ta halatta ya yi musu, kuma ita ce ƙofar da zai kyautata musu ta ita.

Yadda ake rubutawa: cikakken sunanka kamar yadda yake a NIN, kwanan wata, bayanin cewa kana cikin hankalinka ba wanda ya tilasta ka, sunayen matanka da 'ya'yanka gaba ɗaya har na matar da kuka rabu, basussuka, abin da ka yi wasiyya da shi da wanda ka yi wa, sannan ka faɗa ƙarara cewa ragowar a raba bisa shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya. Ka naɗa wasiyyi, wanda zai zartar ya kuma kula da dukiyar yara ƙanana, ka tambaye shi tukuna ya yarda, kuma ka zaɓi mai amana wanda ya iya lissafi ko da ba shi ne babba a dangi ba. Shaidu biyu maza adalai waɗanda ba su da ko sisi a ciki su sa hannu a gabanka. Kwafi ɗaya wajen wasiyyi, ɗaya wajen lauya, kuma ana iya kai ta ajiya a rufe a ofishin furobet na babbar kotun jiha, wato sashen da ke kula da wasiyya da dukiyar mamata. Ko yaushe kana iya canzawa, ka dai rubuta cewa sabuwar ta soke tsohuwar. In kana son wani abu ya dawwama kar a sayar, misali shaguna su riƙa ɗaukar nauyin makaranta, wannan waƙafi ake yi, shi ma da rubutu da shaidu da mai kula.

Abu ɗaya kafin in wuce: nes-of-kin da kake cikewa a fom ɗin banki ko na wajen aiki ba magaji ba ne. Mutum ne da za a tuntuɓa kawai, sunansa a fom bai ba shi kuɗin ba. Duk da haka ka sabunta shi, wasu har yau sunan mahaifinsu da ya rasu ne a ciki.

Yanzu in ta Allah ta kasance, ga abin da iyali za su yi.

Cikin kwanakin zaman makoki a samu mutum biyu, ɗaya daga kowane ɗaki in gidan mata da yawa ne, su kulle ɗakin mamaci da shagonsa, su haɗa takardu da wayoyi da makullai a gaban shaida. Kar kowa ya ɗauki katin ATM ya je ya cire kuɗi ko da ya san fin, daga lokacin da rai ya fita kuɗin nan na magada ne gaba ɗaya, wakilcin da mamaci ya ba wani ma ya faɗi da rasuwarsa. In dole an taɓa wani abu don likkafani da haƙa kabari a rubuta. Abincin 'yan zaman makoki da sadakar uku da bakwai da arba'in ba a ɗibarsu daga dukiyar da marayu ke da haƙƙi a ciki, mai so ya yi daga aljihunsa. Kayan ɗakin mata nasu ne, ba a sa su a lissafi. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma ko har ta haihu in tana da ciki, tana da haƙƙin zama a gidan mijinta, ba a tashinta don an ƙagu a sayar. In kuma akwai ciki, a Malikiyya rabon ma dakatar da shi ake har a haihu.

Sai takardar shaidar rasuwa. In a asibiti ya rasu a karɓi ta likita, sannan a je ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa a yi rajistar mutuwar a karɓi satifiket, a yi kwafi da yawa don banki, kamfanin fansho, wajen aiki da kotu kowa sai ya nema. A sanar a masallaci da kasuwa cewa mai bin bashi ya zo da shaidarsa, wanda ake bi kuma ya kawo.

Daga nan a tafi kotun shari'a, gado mai gidaje da filaye babbar kotun shari'a ake kai shi. Ko kun daidaita a gida da malami, ni shawarata ku kai alƙali ya tabbatar ya ba kowa takarda, musamman in akwai yara ƙanana. Za a nemi jerin magada da shaidun da suka san gidan, jerin dukiya, sannan a tura a yi wa kadarori kuɗi. Ku halarci ranar kimantawa da kanku, kar ku bar wa dillali shi kaɗai, kuma duk kuɗin da kuka biya a kotu ku karɓi rasit. Mata su je da kansu ko su naɗa wakilin da suka zaɓa da bakinsu, kar wani yaya ya miƙe yace ya wakilci kowa. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana da damar ɗaukaka ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a tana da hurumi a kan gado, wasiyya, kyauta da waƙafi na Musulmi ƙarƙashin sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999, amma akwai wa'adi, kar a yi sanya.

Kuɗin banki da fansho da hannun jari su ne masu cin lokaci. Ku fara zuwa bankin da takardar rasuwa ku tambaya wace takarda suke karɓa, wasu suna aiki da odar kotun shari'a mai hatimi, wasu sai letar administireshan daga ofishin furobet na babbar kotu, wato takardar da ke ba wasu daga cikin magada izinin tattara dukiyar mamaci. Ana cike fom, a kawo hotuna da masu tsayawa, banki ya rubuta abin da ke cikin asusun, a biya kuɗin da aka yanka gwargwadon dukiyar, a buga sanarwa a jarida don mai ƙorafi ya fito. Waɗanda sunansu ya fito a letar 'yan aike ne kawai, su karɓo su kawo a raba. Ma'aikacin tarayya ko na kamfani da ke tsarin fansho na karo-karo, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai aikinsa ya yi masa inshorar rai da bata gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, wannan daban yake da kuɗin da ke asusun fanshonsa, ku nemi duka biyun, iyalai da yawa ɗaya suke karɓa su tafi. Yadda za a raba na inshorar ku sa shi gaban alƙali ya faɗa. Ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma da ke tsohon tsari kuma fayil ɗin giratutinsa za a bi ta ma'aikatarsa zuwa hukumar fansho. 'Yan'uwanmu Kirista nasu ta babbar kotu yake bi, da wasiyyar da aka tabbatar ko letar administireshan.

Rabon kansa a jere yake: kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sai magada. Ga misali don a gane. Mutum ya bar naira miliyan 30, jana'iza ta ci dubu 200, bashi miliyan 2 da dubu 800, saura miliyan 27. Ya yi wa jikokinsa marayu wasiyyar miliyan 3, bata kai sulusi ba don sulusin miliyan 9 ne, sai a fitar, saura 24. Ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza 6 mata 5. Matan suna da tumuni, ɗaya cikin takwas, miliyan 3 su raba biyu kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya sudusi, ɗaya cikin shida, miliyan 4. Saura 17, namiji rabon mata biyu, kowane namiji miliyan 2, kowace mace miliyan 1. 'Yan'uwan mamaci ba su da komai a nan tunda akwai ɗa namiji. Wannan mai sauƙi ne na zaɓo, in babu ɗa namiji ko akwai kaka ko 'yan'uwa na uwa ɗaya lissafin yana canzawa, kar wanda bai karanci ilimin gado ba ya sa hannu.

Gidan da ba zai rabu ba, a yi masa kuɗi, mai hali cikin magada ya biya sauran, su suka fi cancanta da shi kafin bare. Wanda zai yafe kasonsa ya bari sai an faɗa masa nawa ne, sannan ya yafe da bakinsa a gaban shaidu, banda irin matsin da ake yi wa mata ana cewa ki bar wa ƙannenki ai ke kina gidan miji. Kason yaro ƙarami kuwa ba mai ikon yafe masa. A buɗe masa asusu ko a bar masa kadara da sunansa, wasiyyi ya riƙa rubuta shiga da fita, kuɗin makaranta, asibiti, hayar da aka karɓa, yana nuna wa uwar yaron da wani daga dangin uba duk shekara, ran da ya mallaki hankalinsa a miƙa masa a gaban shaidu kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce. Kowane magaji da fili ko gida ya faɗo a kasonsa ya ɗauki takardar rabon da kotu ta ba shi, da ta rasuwa, da tsohon satifiket, ya kai ma'aikatar filaye a mayar da fayil ɗin sunansa tun shaidun rabon suna raye.